Randar Kawu Nomau

Kawu Nomau bai taɓa haɗiye ruwa kai tsaye ba. Ku da kuka zauna da shi a Dakoro kun sani. In an miƙa masa moɗa sai ya shinshina, ya kurɓa, ya ɗaga kai sama kamar kaza, ya lumshe ido. Sannan ya yanke hukunci: ko "Ya yi," ko "Da magana." Ruwan duniya duka iri biyu ne a wurinsa.

Ni ne Illa, ɗan ƙanwarsa. Haƙar rijiya ce sana'ata. Ban yi lakkol ba, ban san boko ba, ban iya dogon zance ba. Ƙasa ta taɓa rufe ni har wuya, na fito. Amma ban taɓa jin tsoro irin na shekarar da aka ce rijiyata ce ke kwantar da yaran unguwa ba. Zan zo wurin.

Wata rana muka tafi Ɗan Gulbi nema wa ƙanena aure. Aka kawo ruwan baƙi. Na taka masa ƙafa, na ce, "Kawu, yau dai ka haɗiye."

Ina! Ya kurɓa, ya ɗaga kai. "Da magana."

Uban yarinya ya ce, "Wace magana, Malam?"

"Akuya ta leƙa randarku."

"To! Baƙa ko ja?"

Kawu ya sake kurɓa. "Ja."

Mutanen nan ko bunsuru ba su da shi. Kawu ya ce to ta maƙwabta ce. An ba mu yarinyar, amma da sharaɗin kada a zo da shi ɗaurin aure.

Sai jakinsa, wanda ya sa wa suna Majo, kamar yadda ake kiran shugaban gidan likita. Duk sabon ruwa, Majo ke fara dubawa. Ranar da aka buɗe sabon famfo, gari na murna, Kawu ya ratsa taro da jaki, ya tara masa bokiti. Majo ya shinshina, ya kau da kai.

"Kun gani? Da magana!"

Matarsa Tsahara ta ce, "Haba Malam, ni na shayar da jakin nan kafin ku fito. Dibi cikinsa kamar ganga!"

"Ke kika ce. Majo bai ce ba."

Daga ranar bai ƙara kallon famfon ba.

Abin alfaharinsa ita ce randar sadaka da ya kafa ƙofar gidansa, gindin itacen bedi, kan hanyar lakkol. Daga rijiyata yake cika ta. Ruwanta sanyi ƙalau, duk yaron da ya taso sai ya tsaya ya sha. Moɗa ɗaya ce, ta faɗi ƙasa a ɗauka, kaji su hau baki a kora, kowa ya zura hannu har gwiwa. Cikinta kuwa kore shar. Tsahara ta sha zuwa da soso, ya tare ta.

"Kul! Wanki na kashe ɗanɗano. Shekara nawa na yi ina tara shi?"

To, wata bazara zawo da amai suka shigo unguwarmu. Yara kawai. Ɗiyata Rabi ta kwanta, ido ya faɗa, aka ɗaura mata ƙarin ruwa gidan likita. Aka duba aka ga duk gidajen da ke da maras lafiya rijiyata suke ja. Rijiyar da na haƙa da hannuna, na ɗaure da siminti. Mata suka riƙa wuce ni da bidonsu na ɗibar ruwa ba gaisuwa. Mai unguwa ya ce in an tabbata, toshe ta za a yi. Na zauna na yi tunani. In rijiyar ce, ni na kwantar da ɗiyata, kuma ba garin da zai ƙara kirana aiki.

Gidan likita suka kira ma'aikatan ruwa. Wata mata ta zo da fararen kwalabe cikin akwatin ƙanƙara. Ta ɗiba a rijiya, ta ɗiba a famfo, ta shiga gidaje. Kawu na biye da ita, Majo na biye da shi.

"Ɗiyata, ke ba ki ɗanɗanawa?"

"Baba, abin da muke nema ba shi da ɗanɗano. Ido ma bai ganinsa, sai an kai ɗakin awo Maradi."

"Ba ki gani, ba ki ji a baki. To mi kika sani?"

Ta yi dariya, ta rufe akwati. Ya riƙe marfin.

"Tsaya. Ɗibi na randata ki kai wa injin naku. Ya san yadda ruwan kirki yake, ya riƙa gwada sauran da shi."

Don ta rabu da shi ta ɗiba.

Kwanakin jira ban ci abin kirki ba. Daga gidan likita sai bakin rijiya, in leƙa, in koma.

Ranar da ta dawo aka taru ƙofar mai unguwa. Ta ce famfo lafiya. Ta ce rijiyar Illa ba ita ce ba, a yi mata marfi, a zuba jabel kaɗan, maganin kashe ƙwayar cuta, shi ke nan. Ban san sanda na zauna ƙasa ba.

Kawu ya buga sanda. "Ai na faɗa, ya yi! To nawa fa? Faɗi da ƙarfi su ji."

"Baba, mu ɗan koma gefe."

"A'a, nan!"

Ta sunkuyar da kai. "Duk kwalaben da muka kai, babu mai ƙwayar cuta kamar taka. Irin wadda hannu mai dauɗa ke kawowa. Kuma na tambaya, yaran da suka kwanta duk suna tsayawa randar."

Can daga cikin mata Tsahara ta ce, "Majo bai ce ba?"

Wayyo! Har mai unguwa sai da rawaninsa ya kwance don dariya.

Kawu ya ce, "Ƙarya ne! Ni da nake sha kullum?"

"Cikinka ya saba, Baba. Na yara bai saba ba."

Ni ya juyo ya duba.

"Illa, Rabi na sha?"

"Kullum, in ta taso lakkol."

Ya juya ya tafi. Muka bi shi. Ya shiga gida ya fito da taɓarya, ya tsaya gaban randar ya ɗan jima. Bugu ɗaya. Koren ruwa ya malale gindin bedi.

Rabi ta tashi. Yaran duka suka tashi, ba mu binne ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Rijiyata na nan, har yau ana ja.

Kawu kuwa ya kafa babban bokiti mai marfi da robine, irin kan famfo, a wurin randar. Mutumin da ya hana soso ya koma wanki kowace safiya, har Tsahara ta fara ɓoye sabulu. Yaro ya taɓa marfi, sanda! Shi ke ɗiga jabel da kansa, yadda matar ta gwada masa. Sai ya tara moɗa, ya kurɓa, ya ɗaga kai, ya yamutse fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Da magana. Amma ku sha."

Haka har ƙarfinsa ya ƙare. A ciwon ajalinsa Rabi, lokacin ta zama budurwa, ita ke ba shi ruwa da cokali. Ranar ƙarshe ya riƙe shi a baki ya daɗe, ya dube ta, ya ce, "Ya yi."

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa tsohuwar randa, ya ba shi ladar kowane yaro da ya kashe wa ƙishirwa. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara. In an miƙa masa, ya Rabbi, ka sa ya haɗiye ba gardama. Amin.