Auren Furen Kabewa

Yau da safe na shafa ganyen kabewar da ke jikin katangarmu, na kai hannu hanci, sai na tsaya cak. Duk wanda ya taɓa kama ganyen kabewa da raɓa a kansa ya san wannan warin, ɗanye shar, ga ƙaiƙayi a bayan hannu. Haka hannun kakata yake wari duk damina. Haka na Malam, maigidana, yake yi a shekarunsa na ƙarshe. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau kuka nake yi. Ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa, idan kukan ya zo sai ta ajiye biro ta jira ni.

Kabewa ɗaya tal ke rataye a katangar nan, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Ita ce ta ƙarshe a irin kakata. Idan ta faɗi, shi ke nan. Sau ɗaya a baya irin nan ya kusa ƙarewa, ni ce kuma sanadi.

A Kakau aka haife ni, tun titin bai zama abin da ya zama yanzu ba. Sunan kakata aka sa mini, saboda haka babana ba ya kama sunana, ita kuwa takwara take ce mini. Bayan ɗakinta akwai ɗan fili da aka kewaye da danga, nan take shuka kuɓewa da yakuwa da barkono, kabewa kuma ta bi danga ta haye rufin rumbu. Ba irin kabewar kasuwa ba ce. Doguwar wuya gare ta, fatarta ruwan toka, cikinta ja kamar manja, kuma ba ta sakin ruwa a miyar taushe. Daga garin mahaifiyarta ta zo da irin lokacin da aka kawo ta aure. Duk shekara takan zaɓi wadda ta fi ƙosawa, ta shanya 'ya'yan, ta cuɗe su da toka, ta zuba a ɗan gora ta toshe bakin.

Shekarar da nake faɗa, ɓeraye sun huda goran. Abin da suka rage bai cika tafin hannu ba, ta shuka shi duka. Da marka ta kankama sai aka aiko daga Zariya cewa gwaggona ta haihu, kakata za ta je ta yi mata wankan jego, kwana arba'in. Ina da shekara tara ko goma. Ta kira ni bayan ɗaki ta ce, "Takwara, ga amana. Ki kore awaki, idan yaɗo ya sauka ƙasa ki mayar da shi kan danga. Iyakar aikinki ke nan."

Da na tsaya a nan da ba a samu matsala ba. Amma ni yarinya ce mai son a yabe ta. Na zuba ido na ga furen kabewa iri biyu ne. Wani yana da ɗan kumburi a ƙarƙashinsa kamar ƙwan kurciya, shi ne yake zama kabewa. Wani kuwa sanda ce kawai doguwa siririya da fure a kai, ya buɗe da asuba, kafin azahar ya yamutse, washegari ya faɗi bai bar komai ba. Kuma su ne suka fi yawa. Na sha ganin babana a gona yana rage dawa idan ta yi yawa a rami, yana cewa marasa ƙarfi suna shanye wa masu ƙarfi abinci. Sai na ce a raina, ai waɗannan ma cin banza suke yi. Kullum kafin gari ya gama wayewa nakan fita in tsinke su tas, har da waɗanda ba su buɗe ba, in zuba wa awaki. Ban gaya wa kowa ba. So nake kakata ta dawo ta tarar da kabewa ta rufe rumbu.

Sai 'yan kabewar suka fara zuba. Kowace ta yi kwana uku ko huɗu, ta yi rawaya daga baki, ta yi laushi, ta faɗo. Ina ganin haka na ƙara himma wajen tsinka, a zatona ban cire da yawa ba ne.

Innata ta ce nuni ne. A wajenmu an yarda cewa idan aka nuna 'yar kabewa da yatsa faɗuwa take yi, sai dai in mai nunin ya yi maza ya ciji yatsan. To, akwai wata mata 'yar Gbagyi da ke zaune a ƙetaren rafi. Kullum takan biyo ta wata kafa a dangarmu da itace a kafaɗa, don ta nan ya fi mata kusa da hanya. Mace mai fara'a, ba ta wucewa ba ta gaishe mu ba, kuma takan yabi shukar kakata. Innata ta ce ita ce. Ta sa aka toshe kafar da ƙaya. Matar ta zo washegari ta tarar da ƙaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta bi doguwar hanya da kayanta. Daga ranar ba ta sake ɗaga mana murya da gaisuwa ba.

Kakata ta dawo ruwa ya fara ja baya. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan ɗaki. Ganye ya yi kore shar, ya rufe rumbu, amma babu kabewa ko ɗaya. Innata ta biyo ta tana ba ta labarin nuni. Kakata ta sunkuya. Ta bi yaɗon da hannu gaɓa gaɓa, tana ɗaga ganye. Can ta miƙe ta ce, "Ga mata ina gani. Ina mazan?"

Na ce, "Waɗanne maza, Iya?"

"Masu doguwar sanda."

Na ce da ƙarfina, ina jiran yabo, "Ai na cire su. Kullum sai na cire."

Ta dube ni, ta dubi innata, ta nemi turmi ta zauna. Ta ce, "Takwara, kin kori angwaye kaf daga gari, kin bar amare da lalle a hannu." Innata ta ɗaga hannu za ta make ni, kakata ta ce, "Sauke. Ke da kika girme ta me kika sani? Ƙaya kika sani."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsinko wata mace da ta riga ta fara lalacewa, ta tono wani namiji da ya ɓuya mini a ƙarƙashin ganye ya yamutse, ta ajiye su a cinyarta. Ta fara da namijin. Ta nuna mini ɗan ƙoƙon kore da ke riƙe da furen daga ƙasa, mai harsuna biyar sirara. Ta ce wannan shi ne zanen goyo, shi ke rufe furen tun yana ƙarami. Ta yage rawayan furen da farcenta, shi ma baki biyar gare shi amma a ƙasa a haɗe yake kamar mazurari. Ta ce wannan kwalliya ce kawai ta kiran baƙi. A tsakiya ga wani ɗan tsinke a tsaye. Ta goga shi a bayan hannuna ya bar gari rawaya mai ɗan danƙo. Ta ce duk abin da namiji ya mallaka ke nan. A gindin tsinken akwai ɗan rami, ta sa na taɓa da harshe, na ji zaƙi kaɗan.

Sannan ta buɗe macen. Ita babu gari a cikinta. Wasu 'yan dunƙulaye ne guda uku a tsakiya, kowanne a tsage biyu, masu damshi. Ta tsaga ɗan kumburin ƙasa da wuƙa, sai ga 'ya'ya farare ƙanana a jere, sirara kamar ɓawon farce, babu komai a cikinsu. Ta ce, "Kin gani? Ɗaki a share, gado a gyare. In garin can bai sauka a kan damshin nan ba, waɗannan ba za su cika ba, uwar sai ta yar da su." Ta ce ƙudan zuma ke kai garin, garin neman zaƙi suke shiga namiji su fito buɗu-buɗu, su faɗa mace. Ta tsinko furen kuɓewa ta nuna mini nata, garin da damshin duk a tsinke ɗaya, ta ce ita wannan mata da miji ɗaki ɗaya suke kwana, ba ta neman ɗan aike.

Abin da ya rage mana mata uku ne da za su buɗe washegari. Namiji kuwa babu wanda zai buɗe kafin mako, ga ruwa yana shirin ɗaukewa. A duk kewayen mutum ɗaya ce ke da kabewa mai fure a lokacin, matar ƙetaren rafi.

Kakata ta ce da innata, "Ke kika toshe, ke za ki buɗe." Innata da hannunta ta janye ƙayar nan da yamma, har ta soke ta a yatsa. Da asuba muka ƙetare rafi ni da innata. Ban taɓa ganin innata ta durƙusa wa wata mace ba in ba kakata ba, sai ranar. Matar ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Ni da nake shuka kabewa tun ina yarinya, zan nuna ta wani da yatsa?" Ta zagaya bayan ɗakinta ta daɗe. Ta fito da maza biyar a ƙwarya, ta rufe su da ganye don kada garin ya zube. Ni ta miƙa wa, ba innata ba.

Kakata ta fige rawayan, ta riƙe sandar, ta shafa tsinken a kan damshin kowace mace a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli. Ta ɗaure bakin kowace da ciyawa. Biyu sun faɗi. Ɗaya ta kama. Ruwa ya ɗauke, ni aka ɗora wa ɗibar ruwan rijiya safe da yamma har ta ƙosa. Da aka shuka 'ya'yanta a shekara ta gaba, sai wuyan ya ɗan gajarta, fatar ta fito da ɗigo-ɗigo irin na kabewar matar nan. Cikin dai ja ne yadda yake. Kakata ta ce dangi ne suka ƙaru. Matar ta ci gaba da bi ta kafar danga, tana gaida kakata, tana gaishe ni. Innata kuwa sai da aka shekara kafin matar ta amsa mata gaisuwa da sakin fuska.

Da aka kawo ni aure Kakuri, a cikin kayana akwai ɗan ƙullin irin kabewar nan cuɗe da toka. Malam yana aiki a masaƙa. Daga baya muka samu wannan gida a unguwar Television, lokacin bayanmu duk gonaki ne. Gonakin suka zama gidaje, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ana ta fesa maganin sauro, ƙudan zuma suka yi ƙaranci. Sai na koma yi da hannu yadda na gani. Da aka rufe masaƙa, Malam ya rasa abin yi da safiyarsa, ya ce in koya masa. Ranar farko ya tsinke mace a maimakon namiji, na yi ta masa dariya. Daga baya ya fi ni iyawa. Yana dawowa daga sallar asuba sai ya zarce jikin katanga da tabaraunsa. In ya gama ya leƙo ya ce, "Malama, yau aure uku na ɗaura, ba goro ba alewa." Ni kuma in ce ya wanke hannu kafin ya taɓa mini kofi.

Ya rasu ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Damina ta same ni cikin takaba. Ba wanda ya hana ni shuka a tsakar gidana, zuciyar ce babu. Ko kallon katangar ba na iya yi. Ranar da na fita takaba na buɗe gwangwanin da yake ajiye irin, na tarar danshi ya shiga, yawanci sun yi baƙi. Waɗanda suka rage na shuka su duka, a makare. Biyu suka tsiro, ɗaya ta rayu. Mata uku ta yi. Ta farko ta buɗe ina zaune a kan sallaya ina kuka, kafin in tuna rana ta yi, ta rufe bakinta. Ta biyu wajen shafa mata gari na karya ta. Ta uku ce wannan.

Yanzu ruwa ya ɗauke, da bokiti nake ba ta. Ɗana yana so ya yi shago a wurin, na ce ya jira ni wata biyu, ya ce to. 'Ya'ya shida na haifa a garin nan, duk sun yi makaranta, wannan mai rubutun ta ce kowane ɓangare na fure yana da sunansa a littafi, har ta zana shi a jarrabawa. Amma jiya da na ce ta nuna mini namiji a jikin katanga, tsayawa ta yi tana dariya. Ban ga laifinta ba. Ni ce ban taɓa kiran ɗayansu da asuba ba, na ga ai akwai Malam.

Saboda haka rubuta wannan da kyau, ke. Idan na tafi kafin kabewar nan ta ƙosa, kada a yanke ta sai sandarta ta bushe ta yi tauri kamar itace. A yi miyar a kai masallacin da babanku yake salla. 'Ya'yan kuwa kada a wanke su a zubar. A shanya su a inuwa, a cuɗe da toka, a raba gida shida.