Ƙananan Ɗigon da Yaya Take Jira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata a gadon asibiti, bayan doguwar jinya.

Yaya, ke kika ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar Baba, ke kuma kika fara nuna min cewa rana ma tana da tabo. A ofishinki akwai kwamfutar da ke nuna fuskar rana, cike da ɗige-ɗige fari da baƙi, kamar an zubar da gishiri cikin gawayi. Kika ce min maganaɗisu ne. Duk bayan kimanin shekara goma sha ɗaya rana takan hargitse da manyan tabo, ta lafa, ta sake tashi. Abokan aikinki manyan suke bi. Ke kuwa kin ƙwallafa rai a kan ƙananan, waɗanda ke ɓullowa yau su ɓace kafin gobe. Mama takan ce, "Kowa na neman inuwa, ita 'yata rana ta sa a gaba." Dariya kawai kike yi.

Halinki ke nan ko a gida. In dangi sun taru, manya na hira a falo, ke kina tsakar gida cikin yara, kina jan wanda ya fi kowa shiru da magana.

Ciwo ya kama ki lokacin da rana ta lafa. Burinki ki ga sabon zagaye ya soma, domin kin dage cewa ƙananan ne ke fara kawo labarinsa, su ɓullo can sama a fuskar rana, farare da baƙaƙen ɗigon sun yi musayar gefe. Kullum na shigo ɗakin jinya sai ki ce, "Auta, buɗe min hoton yau." In buɗe a waya, ki ƙura masa ido, ki ce, "Da saura."

Har yanzu ina buɗe shi kowace safiya, ko da yake ban iya karanta shi ba. Shekaranjiya abokiyar aikinki ta kira ni. Ta ce, "Sun fito, daidai inda ta ce." Wallahi har na fara laluben lambarki kafin na tuna. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Allah ya ba Mama da maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi.

Yaya, babu saura. Sun fito.