Auren Inna

Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, gidaje goma sha wani abu na Maguzawa, kewaye da gonakin Musulmi da muke gayya tare. Wani katikis, malamin coci, shi ne ya fara zuwa yana koya mana karatu a gindin tsamiya, daga baya Fada, limamin Katolika, ya riƙa biyowa daga Kano sau ɗaya a wata. Ina da shekara goma sha biyu aka yi mini baftisma. Baba bai bi addinin ba, bai kuma hana ba. Cewa ya yi, “Je ki, in dai ba za su raba ki da fartanya ba.”

Matan Baba biyu ne. Iya ce babba, Inna ta biyu, ita ta haife ni. Iya ba ta samu haihuwa ba, sai Inna ta ba ta ni tun yaye, na tashi ina cin tuwo a ɗakuna biyu.

Lokacin ana kashe fam da sule, sistoci biyu, matan coci da ba sa aure, sukan zo Gaya da mota ranar kasuwa, su kafa tebur a wata rumfa, su wanke gyambo, su duba masu ciki. Da tafinta na fara musu, daga baya aka ba ni riƙon kwano da auduga. Wata rana aka kawo wata tsohuwa daga Balan, ƙafarta ta ruɓe, wari ya kori kowa har 'ya'yanta. Ƙaramar sistar ta durƙusa, ta ɗora ƙafar a kan farar rigarta, tana wankewa tana yi wa tsohuwar hira da gurguwar Hausa. A nan na ji a raina cewa aikin da nake so in mutu a kansa ke nan.

Ban yi gaggawa ba. Na roƙi Allah, in ba daga gare shi ba ne ya cire mini. Wani malamin makaranta ya nemi aurena, mutumin kirki, na ba shi haƙuri. Na gaya wa Fada ina so in zama sista, ya ce in jira shekara. Na jira, ya ƙara wata shekarar. A ta uku ya ba ni wasiƙa in kai gidan sistoci a Kano. Iya ta soya mini gyaɗa, ta raka ni har bakin titi.

Babbar Sista Baturiya ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta yaba karatuna, ta tambayi lafiyata, sannan ta ɗaga alƙalami.

“Mahaifinki, matansa nawa?”

“Biyu, Sista.”

“Wacce ta haife ki?”

“Ta biyun.”

Ta ajiye alƙalamin. “'Yata, a dokarmu auren fari kaɗai ake ƙirgawa. Zaman mahaifiyarki ba aure ba ne. Amma kada ki damu, za mu rubuta a nemo miki sassauci.”

Da murmushi ta faɗa, har da dafa mini kafaɗa. Ba ta furta kalmar ba, amma duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san sunan da ake ba ɗan da aka haifa ba da aure ba. Na yi godiya, na durƙusa, na fito. Har yau ina jin haushin wannan godiyar. A cikin mota daga Kano zuwa Gaya na yi ta juya maganar a raina. Shekara uku ina kwashe musu mugunya da jini, babu wanda ya tambayi auren uwata. Fada ya sha fura a gidanmu ya fi a ƙirga, kuma Inna ce take dama masa. Ya san ko ita wace ce, ya bar ni na tafi a gaya mini a gaban tebur.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Bayan kaka Fada ya zo da takarda a hannu, fuskarsa wasai, ya tarar da mu a tsakar gida muna tsigar gyaɗa.

“Albishirinki! An amince. An yafe.”

“An yafe me, Fada?”

Ya dubi takardar hannunsa. Na sake tambaya.

“Wa ya yi laifi? Ni, ko Inna?”

“Ba laifi ba ne, doka ce kawai. Kada ki bar fushi ya toshe miki kira.”

Inna ta ɗago kai ta ce a fayyace mata. Ni na fayyace, da bakina, don Fada ya kasa. Ta karkaɗe zaninta, ta dube shi.

“Malam, damina uku mijina ya yi yana noma wa ubana kafin a ba shi ni. Kwana biyu aka yi ana kiɗa. Ga wadda ta wanke mini ƙafa ta shigo da ni gidan nan,” ta nuna Iya. “In wannan ba aure ba ne, to ban san aure ba.” Sai ta juyo gare ni. “Ke kuwa in kina so ki je, je ki. Takardarsu ba za ta rage ni da komai ba.”

Ta buɗe mini hanya, ni ce na kasa bi. Na ce wa Fada ya mayar musu da yafiyarsu, ba zan ɗaura farin ɗankwalin sistoci a kan sharaɗin cewa uwata abin kunya ce ba. Muryata har maƙwabta. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya tafi bai sha ruwa ba.

Shekarar da ta biyo baya na shiga koyon ungozoma na gwamnati, aka turo ni Ajingi. A nan na tsufa, ina karɓar haihuwar matan fari da na biyu da na huɗu. Ban bar Coci ba, ban kuma yi aure ba. Wani lokaci a tsakiyar addu'a nakan tambayi kaina ko Allah ne ya kira ni na ƙi amsawa saboda zuciya. Mai yiwuwa ne. Amma ko da tambayar ta zo, fushin yana nan inda yake, kuma ban taɓa kai shi wurin ikirarin zunubi ba.