Kawu ba ya kallon ƙwallo a zaune

Jiya na ga a talabijin an gyara filin ƙwallon garin da marigayi Kawu ya yi karatu a Jamus. Da alama sun jera kujeru inda yake tsayawa. Can ya saba kallon wasa a tsaye.

Ranar da ogana ya ziyarce mu a unguwar Kado, ya tarar da mu cirko-cirko a falo muna kallon ƙwallo da Kawu, don ba a zama babba na tsaye. Oga ya samu kujera ya zauna. Kunya ta rufe ni.

"Kawu, a zauna mana, ga baƙo," na raɗa masa.

"Shi ma ya tashi. Mai zama bai zo kallo ba."

Oga ya miƙe har aka tashi wasa.

Jiya sai na lura a zaune nake kallon filin Kawu. Na miƙe. Allah ya hutar da ƙafafunsa a Aljanna.