Babin da na koya a jikin abokina

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, malaminmu na Birni, wato cikin garin Damagaram, ya ɗaure littattafansa ya yi gabas, ya bar mu a tsakiyar littafin fiƙihu. Mahaifina manomi ne a Gafati, bai yi karatu ba, shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan nawa. Ya kai ni wurin wani malami da ya zo Birni daga Barno da ɗalibansa. Ina da shekara ashirin, har gemu ya fara leƙowa.

Malamin masani ne na gaske, amma al'adarsu a karanta Larabci a fassara da Barbarci, ni kuwa ban da gaisuwa ban san komai ba. Girman kai ya hana ni in ce ban gane ba. Sai na riƙa haddace fassarar kamar aku, in malam ya ɗago ido in ce, "Na'am, Sayinna," yadda ɗalibansa suke kiransa. Wata bakwai ina wannan yaudara, a Gafati kuwa har an fara ce mini ƙaramin malam.

Ana nan aka kwashi mutanen ƙauyenmu aikin dole, ɗaukar dutsen ginin bariki. Mahaifina ya koma gida da ciwon ƙirji. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Kai za ka yi mini wanka. Ba na son hannun kowa, tunda Allah ya ba ni ɗa mai karatu."

Na ce, "To, Baba." Mun karanta babin jana'iza, zan iya rera shi tiryan-tiryan, amma ban san ta inda ake farawa ba. In na tambayi limamin ƙauye kuwa, kafin la'asar magana ta kai kunnen majinyaci.

Na koma Birni da ƙafa, na sami abokina, wani Babarbare da muke zama tabarma ɗaya. Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Na buɗe masa babin, na nuna hanyar Gafati, na ce "Baba," sai hawaye. Ya dube ni jim, ya ja ni bayan zaure. Ya kawo buta da ƙwarya da ganyen magarya, ya tuɓe riga, ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, ya miƙe a tabarma. Sauran ɗalibai suka yi ta yi masa faɗa, daga fuskokinsu na gane cewa suke yana yi wa kansa mugun fata. Ko kallonsu bai yi ba.

Ya karanta layi ɗaya, ya kama hannuna ya ɗora inda ya kamata. A matsa ciki a hankali, a yi alwala, a wanke dama kafin hagu. Sannan ya rufe ido ya bar ni. In na yi kuskure, sai gawar tawa ta buɗe ido ɗaya ta make mini hannu. Sau uku muka yi, har ya fara rawar sanyi.

Bayan kwana biyar mahaifina ya cika. Ni na wanke shi.

Da na koma na durƙusa gaban malam na faɗi gaskiya, aka fassara masa. Bai yi faɗa ba, ya mai da ni farkon littafi. Na ji kunya matuƙa, amma daga ranar na fara karatu na gaskiya, Barbarcin ma ya zauna a bakina. Har yau in ɗalibi ya cika gyaɗa mini kai, nakan ce, "Tashi ka nuna mini da hannu."

Bara abokin nan nawa ya rasu, iyalansa suka ce ya bar wasiyya ni zan wanke shi. Na fara da dama, ina yi ina duban fuskarsa, ko zai buɗe ido ɗaya ya make mini hannu. Har na gama bai buɗe ba.