Farantin da ke Tsakiyar Zaure

A shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa na riga na gaji mahaifina a sana'ar gini a cikin Birni. Lakwal, wato makarantar boko, shekara uku kawai na yi, aka fitar da ni aka mayar wurin kwaɓa ƙasa. Abin da na fito da shi daga can shi ne son jera abu bi da bi, kuma haka zan jera wannan.

Shekara biyu kafin nan na gina wa wani Alhaji mai fataucin fata zaure. Ɗaurin guga ne, baka huɗu sun haɗu a sama, a mahaɗarsu na liƙa farantin tangaran fari mai zanen shuɗi, kamar yadda ake yi a gidajen masu hali. Shi ne zaure na farko da na gina ba mahaifina a kaina. Duk aikin da na samu bayansa, har wanda ya kai ni Takieta, saboda shi na samu.

A ƙarshen daminar shekarar ƙuri'ar nan, wata Litinin da hantsi, Alhaji ya aiko in je. Na tarar rabin farantin ya faɗo a kan tarin fatu, rabin yana nan a sama.

"Ba wani abu ba ne, magini," in ji Alhaji. "Tsohon nan mai shara ne ya doke shi da gora garin kakkaɓe yanar gizo. Ga wani na saya. Ka liƙa mini kafin Juma'a, suna gare ni, a nan za a zauna."

Tsohon yana tsugune a bakin ƙofa. Ya ce a hankali, "Alhaji, gorata ba ta kai can ba."

"Ba ta kai ba, aljani ne ya kai," in ji Alhaji.

Na sa tsani na ɓamɓaro rabin da ya rage. Na ɗaga kai na duba bakunan, ban ga tsaga ba. Duk da haka na naɗe guntayen biyu a gefen rawanina na kai wa mahaifiyata.

Ita ƴar masu ginin tukwane ce daga Mirriya. Tun muna ƙanana, in tulu ya fashe a gida ba ta tambayar wa ya fasa. Sai ta ɗauki katangar tulun ta duba bakinta, sannan ta faɗi abin da ya faru. Ni ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, me ka kwaso mini?"

Na gaya mata. Ta fita tsakar gida inda rana take, ta haɗa guntayen, ta raba, ta bi bakin karayar da farcen babban yatsa.

"Matso. Ina gurbin gorar?"

Na duba fuskar farantin. Babu.

Ga abin da ta nuna mini, a jere. Na ɗaya, abin da aka doka yana da wurin da ya ɓalgace, kuma tsagar tana watsuwa daga nan kamar sawun kaza. Wannan tsaga ɗaya ce, ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Na biyu, a jikin karayar akwai ƴan siraran layuka, ba a ganinsu sai an karkata ta ga rana, dukansu suna komawa wuri guda. Wurin nan shi ne inda ta faro, kuma a baya yake, ɓangaren da ke cikin ƙasa, inda gora ba ta isa. Na uku shi ne launi. Kusan rabin karayar ya yi ja, sauran fari ne tas.

"Farin nan na yau ne," in ji ta. "Jan ya kwana biyu. Ruwan jar ƙasa ne ya zauna a ciki. Ruwa kuwa daga sama yake zuwa. Abin da ke riƙe da farantin nan yana buɗewa sannu a hankali, shi ya ja shi har ya rabu."

Ta ɗago ta dube ni.

"Me ka sa a cikin bakan?"

"Azara."

"Na san ba kara ka sa ba. Wace iri?"

Kowane magini ya san azarar namijin giginya ita ce mai ƙarfi, ta mace cikinta taushi ne, ruwa na shigarta, gara na sonta. Lokacin ginin nan azara ta yanke mini, damina ta matso, sai na cika da ta mace guda shida a baka ɗaya. Ba wanda ya sani sai ni. Na gaya mata.

Ta miƙo mini guntayen. "To, ka ji abin da faranti ya ce. Ni ba mai ginin ɗaki ba ce."

A hanya na lissafa abin da ke gabana. In na liƙa sabon faranti, maganar ta tsaya a kan tsoho da gorarsa, sunana kuma bai taɓu ba. Mai yiwuwa zauren ya yi wata shekara a tsaye. Mai yiwuwa kuma bai kai Asabar ba, ga shi ran Juma'a da sassafe zai cika da mutane.

Na sami Alhaji bayan azahar yana zaune da abokansa uku a cikin zauren. Na roƙe su mu fito waje tukuna. Na jera masa abu ukun nan kamar yadda aka jera mini, na ƙara da na huɗu, wato azarar.

Ya daɗe yana juya guntun a hannunsa.

"Wato kai ne mai gorar."

"Ni ne, Alhaji."

"Kuma ka kawo kanka."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Da ni ne, da na liƙa na yi tafiyata Tirmini."

"Shi ya sa ba a ba ka gini," in ji Alhaji, bai yi dariya ba.

Kafin magariba muka kafa tokara huɗu muka toshe ƙofar da ƙaya. An yi suna a waje, ƙarƙashin rumfar zana. Da rani ya shiga muka buɗe rufin. Ruwa ya bi ta gindin indararo ya sauka a kan bakan nan, azara shidan sun zama gari, da hannu na riƙa ɗebo su.

Alhaji bai kai ni gaban kowa ba, amma wani magini daban ya ba sabon ginin. Abokansa uku suna da baki. Rani biyu na yi ba wanda ya kira ni ɗaurin guga, sai yaɓe da gyaran katanga. Sai bayan da aka sauke tutar Faransa na sake ɗaura baka, a wani masallacin ƙauye wajen Gaffati. Azararsa ɗaya bayan ɗaya na ƙwanƙwasa ta da kaina.

Tsohon mai shara ya ci gaba da aikinsa a gidan. Duk inda muka haɗu a Birni sai ya ɗaga gorarsa ya ce, "Magini, a auna ta?" Ni kuma in ce masa ba ta kai ba.