Wa-ya-faɗa Za Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe shida saura kwata take isowa gidan rediyo, kafin mai gadi ya gama sharar bakin ƙofa. Ta tura jaka ƙarƙashin tebur, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta jawo kwandon takardun sanarwa: rasuwa, ɗaurin aure, cigiyar akuya, taron unguwa. Kowace takarda sai ta juya bayanta ta nemi sunan wanda ya kawo da lambar wayarsa, ta kira. In babu, takarda ta shiga ƙarƙashin wani baƙin dutse da ke gefen teburin, komai gaggawar mai ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana karanta sanarwa, ƙarshen watan nan kuma za ta huta.

A gidan ba mai kiran ta da sunanta. Wa-ya-faɗa ake ce mata, domin ko cewa ka yi ana ruwa a waje, sai ta ɗago kai ta tambaye ka wa ya faɗa. Abokan aiki suna tsokanarta, wai ko maigidanta ya yi sallama ya ce ya dawo, sai ya kawo shaida.

Ba da wannan hali ta fara ba. Tana shekararta ta uku a aiki, da safiyar wani zaɓen kansila, wani mutum ya miƙo mata takarda, idonsa jajur kamar ya kwana kuka. Takardar ta ce telan nan mai takara a unguwar bayan kasuwa ya rasu da asuba, jana'iza ƙarfe goma. Ta karanta da muryar nan tata mai sanyi, har da addu'a. Telan kuwa yana zaune yana karyawa, a rediyonsa ya ji mutuwarsa. Kafin a gyara, masu son sa sun bar layi sun cika ƙofar gidansa, waɗansu kuma sun dangwala wa abokin takararsa, tunda ba a zaɓen gawa. Ya faɗi da ƙuri'a kaɗan. Mai takarda ba a sake ganin ƙeyarsa ba, telan kuma har yau Marigayi ake ce masa a unguwa.

Ba a kore ta ba, ko faɗan kirki ba a yi mata ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta gane cewa da mutumin nan ya tsaya a kasuwa ya yi shelar ƙaryarsa, ba mai waiwayarsa. Muryarta ya ara, wadda mutane suka yarda da ita. Ta je har shago ta durƙusa ta nemi gafara. Telan bai ɗago daga kan keken ɗinki ba, ya ce, "Tashi ki tafi, 'yar nan. Matattu ba sa magana." A hanyar dawowa ta tsinci dutsen nan.

A zaɓen da ya wuce, da sassafe, wata takarda ta iso da kan wasiƙar hukumar zaɓe da hatimi: wai an ɗage zaɓe a rumfunan ƙetaren gada saboda tsaro. Tuni hotonta ya zaga wayoyi. Manaja ya shigo da ita da kansa.

"Hajiya, karanta mana yanzu. Kowa ya ɗauka, mu kaɗai za a bari a baya."

Ta juya bayan takardar. Fari fat.

"Ranka ya daɗe, wa ya kawo?"

"Ga hatimi kina gani!"

"Hatimi ai ko a bakin kasuwa ana sassaƙa shi."

"In ba za ki karanta ba, akwai mai karantawa. Ke kuma ki ɗauki jakarki."

Saura mata shekara biyu ta kai ga fansho, ta kuma san ba wasa yake ba.  Duk da haka ta ɗora dutse a kan takardar, ta ce ya ba ta minti arba'in. Wayar hukumar ba a ɗauka, sai ta tari babur zuwa ofishinsu, da ciwon gwiwarta da komai. Ta tarar da jami'in zaɓe yana loda akwatunan waɗannan rumfuna a mota. Ya duba hoton takardar ya riƙe baki. Ta naɗi muryarsa a waya yana cewa zaɓe na nan, aka saka a rediyo kafin ƙarfe takwas, aka yi ta maimaitawa. Mai gadi, wanda a ƙetaren gada yake zaune, ya ce har matarsa ta tuɓe mayafi ta zauna, da ta ji ta sake ɗauka ta fita zaɓe. Manaja bai taɓa ba ta haƙuri ba, amma yanzu shi ma juya takarda yake yi.

Wa-ya-faɗa, ke ce kika san cewa ba sai an sace akwati ake sace zaɓe ba, a zaunar da mutane a gida ma ya isa. Ke ce kika ɗauki kuskure ɗaya a ka shekara ashirin da takwas, ba ki sauke ba, ba ki kuma ɗora wa kowa ba.

Makon jiya aka yi mata 'yar walimar ban kwana a ofis. Ana tsakiyar jawabi wani tsoho ya shigo yana dogara sanda. Marigayi ne. Tana ganinsa ta miƙe tsaye.

Ya ce, "Zauna, 'yar nan. Ni kin kashe ni, amma na saurara shekara da shekaru, ban ji kin sake kashe kowa ba. Na yafe. Roƙona ɗaya: ranar da ta gaskiyar ta zo, a kira ki ko kina gida, ke za ki faɗa. In ba muryarki ba ce, ba mai zuwa jana'izata."

Aka yi dariya, ita kaɗai ke kuka.

Mun gode, Wa-ya-faɗa. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da hutu mai albarka. Dutsen ta ce a bar shi a kan tebur don mai gadonta. Mu kuma, yanzu da kowa ya zama gidan rediyon kansa da waya a hannu, kafin yatsa ya tura, a tsaya a yi tambayarta: wa ya faɗa? Ba kowa ke samun wanda ya kashe da rai ya nemi gafararsa ba.